Yadda ake rainon bishiya a filin jama'a har ta tsallake rani biyu

Na yi shekara ashirin da wani abu ina aikin gandun daji a nan Katsina kafin in ajiye. Har yau in na bi bakin titi a watan Afrilu na ga dashe ya bushe a tsaye cikin kwandonsa, sai raina ya ɓaci. An kashe kuɗi, an yi taro, an dasa, amma ba wanda aka ce wa "wannan taka ce". Jiharmu tana cikin jihohi 11 da ake aikin babbar ganuwar itatuwa don tare hamada, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, to amma inuwar cikin gari mu 'yan unguwa ne za mu yi ta: gefen titi, harabar firamare, filin Idi, makabarta.

Kafin ka sa gatari ko shebur, nemi izini. Dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, don haka ka fara da mai unguwa, ya haɗa ka da ƙaramar hukuma ko masu tsara birane, a ba ka a rubuce. Sannan ka ɗaga kai ka duba wayar wuta, ka tambayi inda bututun ruwa ya bi.

Sai iri. Bedi, wanda wasu ke cewa darbejiya ko dogon yaro, asalinsa daga yankin Indiya ne, amma ya zama ɗan gida. Yana jure fari, yana da saurin girma, sai dai saiwarsa tana tsaga katanga da kwalbati, don haka ni ba na yarda a sa shi kusa da gini ƙasa da taku bakwai. Turare yana shan ruwa sosai, a nisanta shi da rijiya. Tsamiya tana da nawa, amma jikokinka za su zauna a ƙarƙashinta. Bagaruwa ta dace da shingen makabarta. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganye, ya yi kore da rani, lokacin da aka fi neman inuwa.

Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Ka dasa da zarar ruwa ya zauna, cikin Yuli, da la'asar ko bayan an ɗauke ruwa. Wanda ya bari sai Satumba don ya dace da ranar wani taro, ya san saiwar ba za ta kama ƙasa ba kafin hunturu.

Rami rabin mita zurfi, rabin mita faɗi. Ƙasar sama ka ajiye ta gefe guda, ka cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, ita za ta fara komawa ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ka tsaga ledar da reza ka cire ta gaba ɗaya, ba tare da ƙasar ta wargaje ba. In saiwa ta nannaɗe a gindin ledar, datse ta. Kada ka binne wuyan dashen fiye da yadda yake a leda. Ka danne da ƙafa, ka yi masa kunya mai siffar rabin wata, bakinta yana kallon inda ruwa ke gangarowa.

Ranar da ka dasa, ranar za ka kewaye. Akuya ba ta jiran gobe. Kwandon kara gara ke cinye shi cikin 'yan watanni; gwara bulo mai ramuka ko waya, tsayinsa ya kai ƙirji. In babu kuɗi, ƙayar magarya ta isa, amma a riƙa sabunta ta.

Abin da ya fi duk waɗannan, a bakin wata makaranta da ke hanyar Ƙofar Ƙwaya na koye shi. Mun jera bedi arba'in, bayan rani muka koma ƙirga, shida ne da rai. Duk shidan kusa suke da inda mutane ke zama: biyu a gaban mai faci, uku a jikin masallaci, ɗaya a bayan teburin wani dattijo mai shayi, wadda ta fi sauran tsayi nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, me kake ba ta?" Ya nuna mini wata tsohuwar robar fenti. "Ruwan ɗauraye kofi da na alwala, ɗana. Safe da yamma." Tun daga nan ba na haƙa rami sai na sami wanda zai ce ya karɓi amanar bishiyar, in rubuta sunansa a littafi a gaban mai unguwa. A makaranta kuwa kowane aji da nasa layin.

Ban ruwa daga Nuwamba ne har ruwa ya sauka. Jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu a mako ta fi yayyafi kullum, domin ruwan da ya nutsa shi ke jan saiwa ƙasa. Afrilu da Mayu ka ƙara. Inda ruwa ke da wuya, binne tulu a gefen dashen har wuya, ka cika, ka rufe bakinsa, zai riƙa tsattsafowa a hankali. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a kan kunyar, kada ta taɓa gindin, ka barbaɗa toka saboda gara. Kuɗin 'yan garuwa na wata bakwai a ware shi tun kafin a sayo dashe.

A makabarta da manyan filaye, a nome ciyawa a kewayen kowane dashe da kaka, kafin ta bushe wuta ta kama. A kuma hana masu shara ƙona bola a gindin icce.

Bayan damina ta biyu ka sassabe rassan ƙasa da zarto mai kaifi, kada ka karya da hannu, ka bar kai ɗaya ya miƙe. In ta tsallake rani na biyu kuma kanta ya wuce inda akuya ke kaiwa in ta miƙe tsaye, rage ban ruwa. Da damina ta uku ka buɗe kewayen, ka ɗauke shi zuwa sabon rami.