Yadda Ake Kallon Baje Kolin Zanen da Ke Tayar da Tsigar Jiki

Wanda zai shiga zauren da aka rataye zane-zanen Michaël Borremans, mai zane ɗan ƙasar Beljiyam da aka haifa a 1963 kuma yake aiki a birnin Gent, ya kamata ya ware aƙalla sa'a guda, ko da kuwa zanen da ke bango bai wuce ashirin ba. Gidajen da ke sayar da zane, irin su David Zwirner da ke baje kolin aikinsa, ba su karɓar kuɗin shiga, kuma akan ajiye takardar da ke ɗauke da sunan kowane zane da shekararsa da girmansa a teburin bakin ƙofa. Ka karɓi takardar, amma ka naɗe ta ka sa a aljihu, domin bayanin da aka rubuta yakan riga ido yanke hukunci.

Ka fara da zagaya zauren sau ɗaya ba tare da tsayawa ba, sannan ka koma wurin zanen da ya fi damun ka, ba wanda ya fi burge ka ba. Ka tsaya nesa da shi taku biyar ko shida, ka lura da inda haske yake fitowa, da abin da hannuwan mutumin ke yi, da kuma inda idanunsa suke kallo. A mafi yawan aikin Borremans mutanen ba su kallon mai kallo. Sun sunkuyar da kai ko sun juya baya, sun duƙufa a kan wani aiki da ba a san amfaninsa ba, kuma wannan natsuwar tasu ita ce ke tayar da hankali fiye da duk wani jini ko duhu. A baje kolin da ya yi a Landan a 2015, siffofi ne sanye da baƙaƙen riguna masu rufe fuska, suna motsi kamar masu rawar wani tsafi, amma babu wata alama da za ta nuna ko su wane ne, kuma da gangan ya bar gurbin.

Daga nan ka matso kusa, hannuwanka a baya, don fentin mai ba ya son taɓi, hasken kyamara kuma a kashe shi. A nan za ka ga cewa fuskar da daga nesa ta yi kama da hoto, shafe-shafen buroshi ne 'yan kaɗan, wasu ma da sauri aka ja su. Wannan dabara Borremans ya koyo ta ne daga nazarin tsofaffin gwanaye irin su Velázquez na Sifaniya, kuma kafin ya taɓa fenti yakan shirya mutane da tufafi a ɗakin aikinsa, ya ɗauki hotonsu, sannan ya zana. Sanin haka yana da amfani: abin da kake gani shiryayyen wasa ne, ba mafarkin da ya faɗo wa mutum da dare ba.

Girman zanen ma abin lura ne. Wanda ya sa wa suna Mala'ika a 2013, mace doguwa cikin riga ruwan hoda da fuska shafe da baƙi, tsayinsa mita 3 ne, don haka dole ka ɗaga kai, alhali wasu ƙananan sai ka sunkuyo kamar mai leƙa rijiya.

Sai a ƙarshe za ka fito da takardar ka karanta sunayen. Idan da yara za ka je, ka fara tambaya, domin baje kolin da ya buɗe reshen Zwirner na Hong Kong a 2018 ya nuna ƙananan yara da jikinsu ya ɓaci da jan launi mai kama da jini.