Yadda za ku kama darasin furotin da hemogulobin ba da hadda ba

Aikina gwajin jini ne a nan Kumasi, da yamma kuma ɗaliban unguwarmu ta Aboabo, 'yan jami'ar KNUST da masu koyon aikin jinya, sukan kawo min wannan darasi. Masu hadda su ne suka fi shan wuya, malami na juya tambaya kaɗan sai su rikice. Alhali darasin magana ɗaya ce: siffar furotin ita ke ba shi aikinsa. Ku tanadi ɗanyen ƙwai, madara, lemon tsami da takarda, mu bi shi daki-daki.

Ku fara da zaren. Furotin kamar carbi yake, 'ya'yansa amino asid ne iri 20, jere yadda ƙwayar gado ta tsara. Kada ku kwana kuna haddace zanensu tun yanzu. Ku raba su gida biyu: masu shiri da ruwa, irin su gulutamet da laisin masu caji, da masu gudun ruwa, irin su balin da lusin. Cikin jiki ko'ina ruwa ne, don haka zaren yakan naɗe ya cusa masu gudun ruwa can ciki, ya bar sauran a waje. Wannan shi ne babban ƙarfin da ke naɗa furotin. Christian Anfinsen ya warware wani enzaim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai amino asid 124 da sinadarai, da ya janye su sai enzaim ɗin ya koma siffarsa da kansa, ya ci gaba da aiki. Ashe umarnin naɗin yana cikin jerin. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1972.

Sai ƙwai. Ku zuba farinsa cikin tafasasshen ruwa ku duba. Zaren bai tsinke ba, warwarewa ya yi, masu gudun ruwa suka fito fili suka manne da na maƙwabta, abin ya daskare fari fat. Ba ya komawa irin na Anfinsen saboda cunkoso ya sa sun sarƙe da juna. Ku kuma matsa lemon tsami cikin madara mai ɗumi: tsamin ya kashe cajin da ke sa furotin ɗin madara ture juna, sai ta guntse. Wagashi daban ne, kada ku rubuta shi a jarrabawa a matsayin misalin tsami, can enzaim ɗin tumfafiya ne ke yanka furotin. Abin riƙewa shi ne tazarar da ke tsakanin naɗaɗɗen furotin da warwararre ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ake ajiye insulin a firji.

Hemogulobin kuwa, furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar oksijin, a nan za ku daɗe. Zare huɗu ne, alfa biyu masu amino asid 141, beta biyu masu 146, kowane da zoben him mai ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiya, inda oksijin ke zama. Ɗan'uwansa mayogulobin na cikin tsoka zare ɗaya ne tak. John Kendrew da Max Perutz ne suka gano siffarsu, suka raba kyautar Nobel ta 1962.

Ku zana jadawalin da hannunku, kada ku kwafa. A ƙasa matsin oksijin, a tsaye yawan cikar hemogulobin. A huhu matsin kusan 100 mmHg ne, cika kusan kashi 97. A jikin da ke hutawa 40, cika kashi 75. A wajen 26 rabi ne daidai, shi ake kira P50. Ku haɗa ɗigon, za ku ga ya lanƙwashe kamar harafin S. Dalili shi ne idan oksijin na farko ya kama, ƙarfen yakan shige tsakiyar zobe ya ja zaren da ke riƙe da shi, sauran ukun su sassauta, na biyu da na uku su shiga cikin sauƙi. Wajen saki ma haka, ɗaya na fita saura na bi. Mayogulobin ba shi da abokan da za su yi masa haka, P50 ɗinsa bai kai 3 ba, yana riƙewa gam sai tsoka ta galabaita.

Abubuwan da ke tura layin dama, wato su sa hemogulobin ya rage riƙon oksijin, ba sa buƙatar hadda. Ku tuna da mai dakon kaya a kasuwar Kejetia da tsakar rana: tsokarta ta yi zafi, ta tara kabon dayoksaid, jini ya ƙara tsami. Duka ukun suna sa hemogulobin ya saki oksijin, kuma daidai wurin ake nemansa. Christian Bohr ya bayyana tasirin kabon dayoksaid ɗin tun 1904. Jinin ɗan tayi, HbF, hagu yake, ya fi na uwa riƙo, ta haka yake karɓa daga gare ta.

Yanzu ku gwada kanku da abin da muke gani a zango. Me ya sa kwana da murhun gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki ke kisa? Kabon monoksaid yana kama ƙarfen him fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, sannan yana hana sauran gurabun sakin wanda suka ɗauka. Ƙaramar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ma ruɗuwa take, ta nuna lafiya lau.

Gwaji na biyu sikila. A gurbi na 6 na zaren beta, balin ya maye gulutamet, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a 1957. Mai gudun ruwa ya tsinci kansa a waje, kun riga kun san abin da zai nema. Da zarar wannan hemogulobin na sikila, HbS, ya sauke oksijin sai ya manne da na kusa, su yi dogayen sanduna, ƙwayar jini ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Kwana 10 zuwa 20 take yi maimakon 120. Ƙishirwa da zazzaɓi da sanyi duk suna tayar da ciwon. HbF ba ya shiga cikin sandunan, shi ya sa jariri ba ya nuna alama sai wajen wata shida, shi ya sa kuma ake ba da haidiroksiyuriya don ta ƙara shi. Wannan jinkirin ne ya sa gwajin jarirai da Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranta a Kumasi daga 1995 yake da muhimmanci.

A wannan gurbin na 6, idan laisin ne ya shiga, HbC ke nan, kuma yana da yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, inda da yawanmu muke da tushe. Ku ƙirga caji: A, wato hemogulobin na lafiya, yana da gulutamet, S ya rasa shi, C ya rasa shi ya ƙaro laisin mai kishiyar cajinsa. Don haka a gwajin da ake raba jini da lantarki A ne a gaba, S a tsakiya, C a baya. Gwajin sikila na gaggawa S kaɗai yake gani, mai AC, wanda ya gaji A da C, zai fito a wanke. Idan ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SC. Duk masu shirin aure da suka kawo min takardar gwajin gaggawa, nakan mayar da su a yi musu na lantarki.