Yadda Nake Koyar da Darasin Wasoson Birane a Yaƙe-yaƙen Addini na Turai

Shekarar farko da na koyar da wannan darasi a wata sakandare a nan Sakkwato, na kwafsa. Na shiga aji na ce 'yan Katolika da 'yan Furotesta sun karkashe juna a Turai, na cika allo da adadin mamata. Ajin kuwa akwai Musulmi akwai Kirista, nan da nan kallon-kallo ya tashi. Aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya ƙaru da komai. Tun daga ranar na sauya hanya, ga ta nan ga malamin da zai gwada.

Ka fara da ganuwa, kada ka fara da addini. Zana da'ira a allo ka buɗa mata ƙofofi, ka bar yara su sa musu suna. Za ka ji Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, don yawancinsu sunan unguwa suka san su da shi, ba su taɓa tunanin akwai lokacin da ake rufe su ba. Sai ka faɗa musu al'adar yaƙin Turawa ta wancan zamani: runduna ta yi wa gari ƙawanya, ta aika manzo a miƙa wuya. In an buɗe ƙofa, a yi ciniki, a biya kuɗi, a tsira. In an ƙi har sojoji suka haura da ƙarfin tsiya, garin ya zama ganimarsu, galibi kwana uku. Nakan ware yara shida su zama majalisar gari, in ba su minti biyar su yanke shawara. Musun da suke yi shi ne rabin darasin.

Daga nan sai maganar albashi, domin yawancin mayaƙan nan sojojin haya ne. Misalin da ya fi saurin kwance wa yara kai shi ne Roma, 6 ga Mayu 1527. Rundunar da ta washe birnin Fafaroma ta Sarki Charles na Biyar ce, shi kansa ɗan Katolika. Akwai Jamusawa mabiya Luther, wato 'yan Furotesta, a cikinta, amma akwai Sifaniyawa da Italiyawa 'yan Katolika, kuma abin da ya haɗa su duka bashin albashi ne. Jagoransu, Bourbon, ya mutu tun a farkon harin, ba mai tsawata musu. Fafaroma Clement na Bakwai sai da ya gudu ya ɓuya a gidan tsaro na Sant'Angelo. Haka Antwerp, birni a Beljiyam ta yau da a lokacin yake hannun Sifaniya, a 4 ga Nuwamba 1576: baitulmalin Sarki Philip na Biyu na Sifaniya ya karye a 1575, sojoji suka yi bore suka faɗa wa birnin da ya fi ko'ina kasuwa a yankin, suka kashe dubbai. Bayan kwana huɗu lardunan ƙasar, Katolika da Furotesta, suka sa hannu a yarjejeniyar Ghent don a kori sojojin.

Magdeburg kuwa ka ba ta zama guda cur. Birni ne na mabiya Luther a bakin kogin Elbe a Jamus, a tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin da aka yi daga 1618 zuwa 1648. A nan ne za ka ba addini haƙƙinsa, don ba gaskiya ba ne a ce babu ruwansa: a 1629 Sarki Ferdinand na Biyu, ɗan Katolika mai mulkin daular da Jamus ke ciki, ya kafa dokar mayar wa cocin Katolika kadarorin da suka koma hannun Furotesta, Magdeburg ta ƙi, ta jingina da Sarkin Suwidin, Gustavus Adolphus. Ya tura musu hafsa ɗaya, Falkenberg, ya riƙe musu tsaro, su kuma suka yi ta zuba ido ko rundunarsa za ta iso. Ba ta iso ba. Safiyar 20 ga Mayu 1631, majalisar gari na zaune tana muhawara ko a miƙa wuya, mayaƙan Pappenheim, ƙarƙashin Janar Tilly na ɓangaren Sarki Ferdinand da ya yi wa garin ƙawanya, suka haura ganuwa. Aka kashe Falkenberg, gobara ta tashi ta cinye kusan dukan garin. Kimanin mutum 20,000 suka halaka. Wajen dubu ɗaya sun tsira a cikin babban cocin garin. Ƙidayar da aka yi a 1632 ta sami mutum 449 kacal.

Ina kaiwa nan bara sai wata yarinya daga cikin 'yan majalisata ta ɗaga hannu: "Malam, to mi yas sa ba su buɗe ƙohwa tun jiya ba?" Na ce mata ai ke ma ɗazu kin ce a jira taimako. Ta yi shiru, ajin ma ya yi tsit.

Wani abin da ke ba su mamaki: Tilly bai ci ribar komai ba. Gari yake so mai abinci da masauki, ya sami toka. A watan Satumba na shekarar Gustavus ya fatattake shi a Breitenfeld. Ka kuma ambaci Otto von Guericke, ɗan majalisar garin da ya tsira, ya zama magajin gari daga baya, ya ƙirƙiro famfon zuƙe iska. 'Yan ajin kimiyya kan farka idan sun ji sunansa.

Batun cin mutuncin mata, ka faɗe shi da jimla ɗaya ka wuce, kada ka ɓoye kuma kada ka yi ta kwatance. Adadi kuma ka riƙa cewa "kimanin", don ba wanda ya tsaya ƙirga gawa cikin wuta.

Ka shirya wa tambayar Alkalawa, don sai wani ya yi ta. Babban birnin Gobir ne, ya faɗi hannun mayaƙan jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Ka tuna wataƙila akwai Bagobiri a bencin gaba. Ni ba na yanke hukunci a aji. Nakan mayar da ita aikin gida: kowa ya tambayi wani dattijo a gidansu abin da ya ji game da faɗuwar Alkalawa, ya rubuto shafi ɗaya, ya kawo ranar Litinin.