Darasi na 9: Shimfiɗa Intalok a Kan Tsohon Daɓen Siminti

A da, idan za a yi daɓe, mata ke taruwa da madaɓansu. A zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu ana waƙa har wuri ya yi sumul. Daga baya siminti ya karɓe aikin. Yanzu kuma intalok ake yayi, wato ƙananan bulullukan nan na siminti da ake jerawa a ƙasa, kowane ya riƙe ɗan'uwansa. Kuna ganinsu a gidajen mai da harabar masallatai.

To, ga mutum da daɓen siminti a tsakar gida ko a ƙofar shago. Daɓen ya tsufa, ya yi dabbare-dabbare, yana son ya sa intalok. Sai ya fasa tsohon daɓen tukuna, ko ya ɗora a kai? Ana iya ɗorawa. Hakan na rage kuɗin leburori da kuɗin kwashe ɓaraguzai, kuma daɓe mai lafiya gindi ne mai ƙarfi. Amma kada a kira magini sai an ga yadda ruwa yake yi da wurin.

Fara da kallon ruwa

Intalok ba ya tare ruwa gaba ɗaya. Tsakanin bulo da bulo akwai ɗan tsagi da ake cikawa da yashi, kuma wani ɓangare na ruwan sama ta nan yake sauka. Idan ƙasa ce da tsakuwa a ƙarƙashi, sai su shanye. Siminti kuwa ba ya sha. Ruwan zai tsaya a cikin yashin da bulullukan ke zaune a kai. Yashi ya jiƙe ya yi laushi, bulo ya fara rawa idan an taka, can sai wani wuri ya lotsa. Ruwan da ya rasa hanya kuma gindin bango yake nufa. Kun san yadda bango ke yin fari-fari kamar kanwa, fenti ya kumbura, filasta ta riƙa zuba. Yawanci danshi ne ke jawo haka.

Saboda haka jarrabawar farko kyauta ce. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, musamman a watan Agusta, fito bayan an ɗauke ka tsaya ka duba. Ina ruwan indararo yake sauka? Ina yake bi? Ina ya kwanta? Duk inda ya kwanta, zagaye wurin da gawayi idan ya bushe. Idan da rani ne, kwarara bokiti uku ko huɗu ka bi ruwan da ido.

Daɓe mai kyau yana da gangara daga ɗakuna zuwa kwata. Ana son ya sauka kamar santimita 2 a kowace mita ɗaya. Tsakar gida mai tsawon mita 6 ke nan za ta sauka santimita 12 daga bakin ɗaki zuwa bakin kwata. Idan daɓenka wajen ɗaki yake kai ruwa, to ni shawarata a fasa shi. Wasu magina za su ce maka za su gyara gangarar da yashi, su tara shi da kauri a gefe guda. Kada ka yarda. Yashi mai kauri yana zama bayan an fara takawa, kuma simintin da ke ƙasa zai ci gaba da kai ruwa inda ya saba.

Idan kuwa gangarar daidai take, wuri ɗaya ko biyu ne kawai ruwa ke kwanciya, sai a huda daɓen a nan. Rami mai faɗin kamar santimita 5 ya isa, amma ya ratsa simintin har ƙasa. A cika shi da tsakuwa, a rufe da yanki na buhu saƙaƙƙe marar leda a ciki, don ruwa ya wuce yashi ya tsaya. Kada a huda dab da gindin bango, kada kuma a huda saman sokawe.

Tsayin ƙofa

Wannan ne abin da aka fi mantawa. Intalok na tsakar gida yana da kaurin santimita 6. Na wurin da manyan motoci ke bi yana da 8. Yashin da za a shimfiɗa a ƙasa kuma kamar santimita 3 ne. Haɗa 6 da 3, ka sami 9. Ƙasar gidanka za ta tashi da santimita 9, kusan faɗin tafin hannun babban mutum.

Na ga wannan da idona a gidan wana. An gama aiki da yamma, wuri ya yi kyau, kowa na sa albarka. Da aka zo buɗe ƙofar kicin, wadda waje take buɗewa, sai ta ci karo da bulo ta tsaya cak.

Wana ya ce, "Malam, ya haka?"

Magini ya ce, "Wallahi Alhaji ban auna ƙofar ba. Sai dai a kira mai walda ya rage ƙasanta."

An rage ƙofar. Amma da damina ta kama, sai ga tsakar gida ta fi dokin ƙofar tsayi, ruwa ya riƙa shiga kicin. Matarsa ta yi ta tare shi da tsumma da buhun yashi, har aka dawo aka cire bulullukan gaban ƙofar aka yi ɗan lambatu. Kuɗi biyu, aiki ɗaya.

Ɗauki tef ka auna kowace ƙofa, daga daɓe zuwa dokin ƙofa. Cire 9 daga abin da ka samu. Ana so ƙasan ɗaki ya fi tsakar gida tsayi da kamar santimita 15 bayan an gama aiki. Idan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, fasa daɓen ya fi maka alheri. Duba get ɗin mota shi ma, da bakin kwata, da murfin sokawe. Murfin nan kada a binne shi, domin wata rana mai yashe masai zai neme shi.

Lafiyar daɓen

Ɗauki guduma ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa. Inda yake zaune daram, ƙarar gajeriya ce mai nauyi. Inda ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashi, za ka ji kamar ka buga ƙwarya a kife. Wannan wurin rami ne, kuma zai rufta ko ba jima ko ba daɗe.

Tsagewa siririya kamar zare ba ta hana aiki, a cike ta da siminti kawai don kada yashi ya zurare. Amma idan gefe ɗaya na tsagewar ya fi ɗayan tsayi, ko saiwar darbejiya ta ɗaga wurin, ko simintin yana marmashewa idan ka kankare shi da ƙusa, to daɓen ya gama yayinsa. Ɓaraguzan ma ba asara ba ne. Idan aka farfasa su ƙanana aka daddanne, suna yin ciko.

Yadda ake aikin

A share daɓe tas. A fara kafa bulon gefe da siminti a duk inda babu bango, domin shi ke hana intalok bajewa, a bar ƙananan kafofi a gefen gangara don ruwa ya fita. A zuba yashin rafi mai tsabta marar laka, a baje shi da katako miƙaƙƙe, kauri ɗaya ko'ina. Kada a taka shi bayan an baje. A ja igiya, a fara jeri daga kusurwa, ana daidaita kowane bulo da gudumar roba. Idan an gama, a watsa busasshen yashi mai laushi, a share shi cikin tsagogi har su cika, a daddanne, a sake ƙarawa. Bayan ruwan farko ma a ƙara.

Akwai masu manna bulon a kan daɓe da kwaɓin siminti. Ban cika so ba. Duk tsagewar da ta motsa a ƙasa za ta fito sama, kuma ranar da bututun famfo ya fashe sai an yi fashe-fashe. Wanda aka jera a kan yashi kuwa, cirewa za a yi a gyara a mayar.

Lissafi

Bulo mai tsawon santimita 20 da faɗin 10, guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya. Tsakar gida mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5 murabba'in mita 30 ce. 30 sau 50 ya ba da 1,500. Ƙara 5 a kan kowane 100 saboda waɗanda za su fashe ko a yanka, wato 75. Jimla 1,575.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwa ke tsayawa a ƙarƙashin intalok idan siminti ne a ƙasa?
2. Dokin ƙofarka ya fi daɓe tsayi da santimita 12. Nawa zai rage bayan an sa intalok? Za ka ɗora ko za ka fasa?
3. Ƙofar shago tana da tsawon mita 4 da faɗin mita 3. Bulo nawa za a saya?

Aikin gida: auna tsawo da faɗin tsakar gidanku da tsayin dokin kowace ƙofa. Kwarara bokiti ɗaya na ruwa, ka rubuta jimla uku a kan inda ya bi. Kawo littafinka aji mako mai zuwa.