Kurakuran da masu neman gidan haya ke yi a Garwa, har kuɗin haya ya riƙa hawa a kansu

Duk wanda ya fito neman gidan haya, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne a wata. Ni ma da ita na fara lokacin da na kama ciki da falo a wani bene da ke wajen unguwar Rumde Ajiya a nan Garwa, arewacin Kamaru. Aka ce jaka 35, wato sefa dubu 35, na ga da sauƙi, na biya na wata shida ina murna. Shekara ba ta zagayo ba ɗan mai gidan ya yi sallama bayan magariba, ya ce, "Yaya, Baba ya ce daga wata mai kamawa jaka 45 ne." Ba ni da ko guntuwar takarda, ga maiɗakina da tsohon ciki. Na biya.

Kuskurena shi ne na duba kuɗin ranar, ban binciki halin gidan ba. Kowane gidan haya yana da tarihinsa, kuma wannan tarihi yana bakin waɗanda suka riga ka zama. Bayan dillali ya nuna maka wuri, ka koma kai kaɗai da la'asar. Ka zauna wurin mai shayi ko mai shagon da ke ƙofar gidan, ka nemi a haɗa ka da ɗan hayar da ya fi kowa daɗewa. Ka tambaye shi shekararsa nawa a nan, sau nawa aka yi masa ƙari, na nawa, kuma wata nawa aka ba shi kafin ƙarin ya fara aiki. Idan ka tarar da mutanen da suka yaye 'ya'ya biyu ko uku a ɗaki ɗaya, ka samu wurin zama. Idan kuwa mai shago ya ce kowane wata sai an ga amalanke na kwashe katifu, to akwai abin da ke korar mutane.

Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma ka tuna da la'ada yake ci, kuma la'ada tana zuwa ne duk lokacin da sabon mutum ya shiga. Daɗewarka ba ta ƙara masa ko dala.

Mutane da yawa kuma ba sa tambayar gidan na wane ne. Dattijon da ya gina gidansa tun da daɗewa, ba bashin banki a wuyansa, yakan fi son ɗan haya mai biya a kan lokaci fiye da ƙarin jaka biyar. Sabon benen da aka ɗora da rance, mai shi yana da abin da ke matsa masa kowane wata. Gidan gado da ba a raba ba ya fi su wuyar sha'ani: yau wannan magaji ya ce kaza, gobe wancan ya zo da nasa farashin, jibi a ce an sayar.

Sai maganar takarda, wadda a ganina ita ce uwa uba. Mu a nan kunya ke cutarmu. Mutum ya ga sa'an mahaifinsa, sai ya ji nauyin cewa a rubuta. Alhali akwai hanyar faɗa cikin ladabi: "Baba, ina so mu sa a takarda ne saboda rai, don kada yara su samu saɓani a bayanmu." Ban taɓa ganin dattijon kirki ya ƙi wannan ba. A rubuta kuɗin wata, tsawon zaman, kuɗin ajiya da ranar da za a mayar da shi, sannan a rubuta abin da aka fi mantawa da shi: shekara nawa za a yi ba ƙari, idan ƙarin ya zo ba zai wuce nawa ba, kuma wata nawa za a sanar da kai tukuna. A sa shaidu biyu, in da hali har da jauro ko lawanin unguwa, a kai ofishin haraji a yi mata rajista. Kowane wata ka karɓi rasit. Idan ta Orange Money ko MTN kake turawa, kada ka goge saƙon.

Wani ƙarin ba ya zuwa da sunan haya. Gida mai mita ɗaya ta wuta da ake raba wa kowa, idan zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40, wani ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, kai mai fanka ɗaya za ka taya shi biya. Ka nemi mitarka daban, ka ce a nuna maka takardar ruwan Camwater ta watannin baya.

Unguwa ma tana da nata. Inda jama'a ke kwararowa, haya ba ta tsayawa. Unguwar Dang a Ngaundere ɗaliban jami'a ne ke riƙe da ita. Marwa ta samu jami'a a 2008, daga baya rikicin Boko Haram ya kawo 'yan gudun hijira da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji masu biya da tsoka. Garwa ta karɓi wasannin cin kofin Afirka a farkon 2022, a shekarar kuma aka kafa mata jami'a. Don haka kafin ka kama wuri, ka duba me ake ginawa a kusa. Ka kuma kauce wa neman gida gab da komawar makarantu a Satumba, lokacin da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki ke rububin ɗakuna.

Amma kada araha ta ruɗe ka. Akwai gidan da ba a taɓa yi masa ƙari ba saboda yana cikin kwari, Binuwai na cika ruwa ya shigo tsakar gida, irin abin da mazauna bakin rafin Mayo Kaliyawo a Marwa su ma suka sani. Ka je ka gan shi a watan Agusta bayan an yi ruwan sama, ka dubi gindin bango da silin. Ka kuma lissafa kuɗin mashin zuwa kasuwa da makarantar yara, domin jaka biyar da ka rage a haya tana iya tafiya a hanya.

Akwai kuma wanda ke jawo wa kansa ƙari da hannunsa. Wani maƙwabcina ya sa tayil, ya yi fenti, ya canja ƙofa, duk daga aljihunsa. Mai gida ya leƙo ya yaba, bayan wata biyu ya ce ɗaki irin wannan ya wuce tsohon farashi. Kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya, ku zauna ku rubuta nawa gyaran zai ci, a wata nawa za a cire shi daga kuɗin haya, da kuma cewa ba za a yi maka ƙari saboda shi ba.