Kafin ka ɗora wa tsohon V8 turbo

Salamu alaikum 'yan'uwa. Masu tambaya kan sa wa tsohon injin Chevrolet 350 (V8, mai silinda takwas) turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ku fara da cikinsa tukuna, turbo ɗin ya jira.

Fistan na asali zubi ne, ba ya jure bugun wuta, wato fashewar fetur ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda. A sa na ƙira, a sauke matsin injin (yawan yadda fistan ke matse iska da fetur) zuwa wajen 8.5:1. Sai zoben fistan, nan ne da yawa ke tafka asara. Zafin turbo yana kumbura zobe, in bakinsa biyu suka haɗu sai ya ɓalle kan fistan. Faɗin silindar 350 inci 4 ne, don haka zoben sama yana son tazarar kusan inci 0.024 tsakanin bakinsa biyu. Ka tsaya kan makanikinka a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, ya goga bakin kowane zobe da hannu, ya auna a cikin silindarsa. In ya ce ido ya isa, ɗauki kayanka.

Fetur kuwa mai lamba RON 95 kawai (lambar juriyarsa ga bugun wuta), a ja lokacin tartsatsin fulogi baya, a fara da matsin iskar turbo psi 6 (psi ma'aunin matsin iska ne). Da zafin Kumasi da cunkoson Kejetia, ƙaramin lagireto ba zai kai ka gida ba.