Warin masai a banɗakin tsohon gida: kurakuran da aka fi yi

Da banɗaki ya fara tashi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai ka ga an ɗauko bilic ko asid an antaya a magudana. Wari ya lafa kwana biyu, ya dawo, a ƙaro wata kwalbar. Wannan warin iskar sokawe ce ta samu kafa ta shigo, kuma muddin ba a gano kafar ba, ko durom za a zuba, asara ce kawai.

A ƙarƙashin wurin wanke hannu, da shawa, da magudanar ƙasa, akwai gwiwar bututu mai lanƙwasa kamar harafin U. Aikinta ta riƙe ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10, ruwan nan shi ke tare iska. Saboda haka kafin ka taɓa komai, cire murfin magudana ka haska tocila. In ka ga ruwa na ƙyalli a ƙasa, gwiwa na aikinta. In duhu ka gani busasshe, ga ƙofar warin nan. Magudanar da ba a amfani da ita takan ƙafe cikin 'yan makonni, musamman lokacin zafi. Zuba mata ruwa lita 2, ka bi da cokali biyu na man farafin na kantin magani (ba kananzir ba) don ya hana shi saurin ƙafewa. Ban da man girki, yana ruɓewa ya ƙara nasa warin.

Zuba sinadari shi ne kuskuren da ya fi ɓata rai, don ba banɗaki kaɗai yake cuta ba. Tsohon bututun ƙarfe ya riga ya yi tsatsa daga ciki, asid kuwa ƙarasa shi yake yi, wurin da ya rage siriri ya huje. Soda mai ƙarfi tana ɗaukar zafi har ta sassauta siririn bututun roba a mahaɗa. Sannan ga mai zuba asid yau, da ya ga bai yi ba ya bi da bilic. Haɗuwar biyun nan iskar kulorin take fitarwa, a ɗan ɗaki mai ƙaramar taga, tana ƙona huhu da ido. Haba! Wari kake gudu, ka je ka janyo wa kanka asibiti? Ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a cikin sokawe su ma mutuwa suke yi, ramin ya yi saurin cika.

Kuskure na biyu na masu ɗan sani ne: sun cika gwiwa da ruwa, wari ya tafi, sun tafa hannu. Washegari ya dawo, su sake cikawa, ba su taɓa tambayar ina ruwan yake zuwa ba. Ruwan gwiwa ba ya ƙafewa a dare ɗaya, zuƙe shi ake yi. Tsaya kusa da wurin wanke hannu, ka sa wani ya kora masai. In ka ji ɓulɓul daga magudana, ko ka ga ruwan gwiwa na rawa, bututun shan iska da ya bi ta saman rufi ya toshe, galibi da sheƙar tsuntsu ko ganye, wani lokacin ma an yanke shi an rufe yayin gyaran rufi. Ruwan da ke gangarawa ya rasa iska, sai ya janyo ta ta gwiwa mafi kusa, ya tafi da ruwanta. A tsofaffin gidaje akwai kuma gwiwa mai siffar S wadda ta nufi ƙasa kai tsaye. Ita kanta take zuƙe ruwanta duk sanda aka saki ruwa da yawa lokaci guda. Ni dai ba na wahalar da kaina da irinta, canza ta nake cewa a yi, a sa mai siffar P, wadda bayan lanƙwasar take miƙewa a kwance, da hanyar iska. Dunƙulen gashi da ya rataya daga gwiwa zuwa cikin bututu shi ma yana tsotse ruwa a hankali kamar lagwani, sai a sa waya mai ƙugiya a zaro shi.

Gindin masai na zama fa? Dafa shi da gwiwarka ka ɗan tura. In ya motsa, zoben roba ko na kaki da ke haɗa shi da bututu ya saki. Kada ka yarda a liƙe kewayensa da siminti a ce an gama, ɓoye yoyo ne kawai, ƙasa na ci gaba da jiƙa. A ɗaga shi, a sa sabon zobe, a ɗaure shi daram.

'Yar kafar da ke saman kwanon wanke hannu, wadda ruwa ke bi in ya cika, kusan kowa mantawa yake da ita. Goge cikinta da siririn buroshi da ruwan ɗumi. In kuma sai an buɗe ruwan zafi warin ke tashi, ɗebi ruwan a kofi ka fita da shi waje ka sansana. In ya yi wari a can, laifin hita ne.

Hanci yana ruɗi a ƙaramin ɗaki, don haka kada ka fasa tayil a kan zato. Rufe kowace magudana da leda da salatif, ka buɗe taga ɗakin ya sha iska, ka rufe ƙofa ya kwana. In da safe babu wari, sai ka riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. In kuwa duk a rufe suke amma warin na nan, bututu ne ya tsage a bango ko ƙarƙashin daɓe. Bututun ƙarfe da ke kwance yakan tsage ta sama, inda ruwa ba ya kaiwa, shi ya sa ba a ganin danshi. Nan sai mai gyaran famfo ya tura hayaƙin gwaji cikin bututu, a fasa daidai inda ya ɓullo.